Ranar da karena ya watsa mana taron asusu

Na san wasunku za su yi dariya in sun ga zancen kare a wannan takarda tamu, inda aka saba da maganar zubi da bashi da farashin gujiya. Ku yi dariyarku, ni ma da ita na fara. Amma karen nan ya ci mini ribar rago sukutum, ya bar wa autana tabo a hannu, ya kusa raba ni da matar da muka shekara bakwai muna zubi tare. Kuma yanzu da nake wannan rubutu yana nan kwance ƙarƙashin rumbu, yana korar ƙuda da kunne.

Muna zaune a gefen gari, ba nisa da Jiratawa. Gidanmu ne na ƙarshe, daga dangarmu sai gonaki. Sana'ata biyu: ina matsar man gujiya in toya ƙuli-ƙuli, ina kuma turke raguna don Sallar Layya. Shekara biyu da suka wuce na ɗauki bashin jika 60 a asusunmu, na haɗa da abin da ke hannuna na sayi raguna biyu. Saura mako uku Salla, aka yanka danga da dare aka tafi da babban. Ba mu ji ko motsi ba. Bashin kuwa bai san an yi sata ba, sai da na biya shi har da ribarsa, da kuɗin mai da na ɗan kunnena. Duk wadda ta taɓa biyan bashin abin da ba ta mora ba ta san yadda tuwo ke tsayawa a wuya a irin wannan lokaci.

Shi ya sa da sanyi ya shigo, yaron maƙwabta ya zo da ɗan kwikwiyo cikin kwali, na ce a bar shi. Maigida ya ɗan yi gunaguni, amma liman ya ce masa kare na tsaron bisashe da gona ba laifi ba ne, in dai ba a ɗaki zai kwana ba, kuma a ware masa kwanonsa. Kwikwiyon ɗan mitsitsi ne, idonsa bai daɗe da buɗewa ba, da ƙyar yake lasar kunu. Na sa masa suna Barsu. Waɗanda na yi wa habaicin sun san kansu.

Watannin farko ba mu ga komai ba sai alheri. Yana bin autana, mai shekara tara, duk inda ya sa ƙafa cikin gida. Yana kwana jikin raguna. Kaji na tsallake shi, ko kai ba ya ɗagawa. Waje kam ban taɓa barinsa ya fita ba, don ina tsoron a sace shi ko manyan karnai su kashe shi. Da ya fara tasawa yana tona mini wurin girki, sai na sayo sarƙa na ɗaure shi a turke bakin ƙofa, inda yake hangen hanya ta ramin danga. Da dare kawai nake kwance shi.

Da kaka ta yi, yana da kamar wata goma, sai ya sake hali. Kun san in an kwashe hatsi Fulani na shigowa gonaki da bisashensu su ci kara, karnansu na biye. Ranar da garke na farko ya ratsa bayan gidanmu, Barsu ya yi wani irin haushi da ban taɓa ji ba, yana fizgar sarƙa har yana tsayawa da ƙafa biyu, wuyansa ya saɓule. In faɗa muku gaskiya, daɗi na ji. Na ce wa maigida, ka gani ko, kare ya zama kare, bana ɓarawo sai ya nemi wani gida. Da abin ya yi yawa yana hana mu barcin rana, sai in ɗauki kara in zabga masa. Ya yi shiru ya shige ƙarƙashin rumbu. Gobe wani kare ya wuce, ya ƙara fin jiya.

Abin da ya ba ni mamaki, mutane ba su dame shi ba. Baƙo ya yi sallama, haushi biyu ne, in na ce "kai!" ya kwanta. Karyar maƙwabtanmu ma, da yake jin warinta kullum ta danga, ba ruwansa da ita. Baƙon kare ne kawai ba ya son gani, ko da daga can nesa ne.

A gidana ake taron asusu, ran Alhamis bayan la'asar, don ina da inuwar dogon yaro a tsakar gida. Mu 24 ne. Ma'ajiyarmu, wadda nake kira Yaya don ta girme ni, ita ke zuwa da akwati a ka. Tana da wani tsohon kare ja da ba ya cutar kowa, ba ya ma bin ta. Ran nan, Allah ya ƙaddara, ya biyo ta. Ni kuma na kwance Barsu da rana don wuyansa ya yi ƙurji, na manta ban mayar da shi ba.

An buɗe kwaɗo uku, an zube kuɗi kan tabarma, masu ƙirga sun fara, sai jan karen ya leƙo zaure. Na ga Barsu ya miƙe daga gindin rumbu. Bai yi haushi ba, bai yi gurnani ba. Jikinsa ya sandare, gashin bayansa ya tashi, ya kafe shi da ido. Kafin in ce wani abu sun haɗe, kuma a tsakiyar tabarmar kuɗi suka ƙare. Mata suka watse, wata ta bar takalmi, wata ta faɗa kan turmi, sulalla suka tarwatse cikin rairayi. Shugabarmu, Allah ya saka mata, ita kaɗai ta kwanta kan takardun kuɗi da littafi. Muna ta ihu, ihun kuma kamar zuga su yake. Sai autana ya ruga ya kama Barsu a wuya zai janye shi. Karen ya juyo, bai duba ko wane ne ba, ya datse masa hannu.

Wata ƴar ƙungiyarmu da ta taɓa yin horon kiwon lafiya ce ta sheƙa musu bokitin ruwa suka rabu, ita ce kuma ta ja yaron bakin randa. Ni na rarumo tsumma zan ɗaure, wata na cewa a sa toka, wata na cewa a ƙona gashin karen a shafa. Ta ture mu duka. Ta sa aka kawo sabuni, tana wanke ciwon ana zuba ruwa, yaro na kuka, ta ce sai an cika minti 15, ta duba a wayarta. Ban taɓa sanin minti 15 na da tsawo haka ba. Bido biyu suka ƙare. Daga nan muka hau kabu-kabu zuwa gidan likita.

Tambayar farko da aka yi mini: an yi wa karen allurar rigakafin hauka? Na sunkuyar da kai. Akuyoyina duk an yi musu tasu, amma kare ban taɓa kawo shi a lissafin bisashe ba. Likita ya ce ciwon haukan kare in ya riga ya bayyana a jikin mutum ba shi da magani, don haka ba a jira a gani, allura ake farawa. Aka tura mu Maradi. Ba sau ɗaya ake yin ta ba, ranaku ake ba ka ka riƙa komawa. Kuɗin allura da na mota da kwanakin da ban kunna wutar suya ba, da na lissafa, ribar rago guda ce cif. Asusun taimako na ƙungiya ya ba ni wani abu, na gode, amma da kunya na karɓa, don a daren ranar sai da mata suka tankaɗe rairayin gidana da rariya suna neman sulalla, kuma duk da haka dala 70 ba su fito ba. Ni na cika.

Karen Yaya kunnensa ya tsage biyu. Mijinta ya aiko a gaya wa maigidana, in bai san yadda zai yi da karensa ba, shi ya sani. Alhamis ta gaba aka mayar da taro gidan shugaba. Ba wadda ta ce mini komai, sai dai da na shiga Yaya ta matsa can ƙarshen tabarma. Wannan ya fi cizon yi mini ciwo.

Maigida ya ce magana ta ƙare, a kai shi daji a bar shi, ko a ba masu saye. Ban musa ba. Abin da ya tsayar da mu, ma'aikacin kiwo da muka kira ya ce kada a kashe shi, kada a yar, a tsare shi mako biyu a sa masa ido. In yana ci yana sha, bai fara dalalar da miyau ba, bai sake kamanni ba, hankalinmu zai kwanta game da yaron. Ya ce karen da ya haukace ba ya zaɓe, yana cizon icce da akuya da mai gidansa, kuma ba ya wuce ƴan kwanaki. Wanda ya yi wata biyu yana faɗa da baƙin karnai kaɗai, yana cin tuwonsa lafiya, wannan hali ne. Cikin mako biyun nan autana, da hannunsa a naɗe, shi ke kai masa ruwa a ɓoye. Na kama shi yana zaune nesa kaɗan yana yi masa magana. Ya ce, "Inna, ai bai san ni ba ne." Ga kuma raguna uku a turke, biyu na bashi.

Sai na tafi wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata, tsohon mafarauci. Ya yi shekaru da karnai biyar shida a gida, ban taɓa jin sun yaga juna ba. Ya zo da kansa a kan jaki, ya zauna bakin zaure ya ce kada a taɓa karen. Ya daɗe yana kallo. Can wani kare ya gifta a gona. Barsu ya tashi da haukansa, ni kuma na rarumo kara.

"Aje shi," in ji Kawu. "Dubi wutsiyarshi. Dubi ƙafafun baya."

Na duba. Baki na gaba yana haushi, amma gindinsa na ja da baya, kunnuwa sun kwanta, wutsiya ta yi ƙasa.

"Ɗiyata, karen ga ba jarumi ba ne, matsoraci na. Kwana nawa gare shi aka raba shi da uwa tai?"

Na ce bai kai wata ba.

"To. Wa ya koya mishi gaisuwa? Kare wurin uwa da ƴan uwa yake koyon yadda ake shinshina, yadda ake kau da kai, yadda ake cewa na bi. Naki bai zamna da kowa ba. Kin ɗaure shi inda yake ganin baƙo ba shi iya gudu, ba shi iya zuwa ya shinshina. Mi ya rage mishi in ba faɗa ba? Kuma duk ran da ya ga baƙon kare sai ya sha kara. Ke a wurinshi, wa ke kawo mishi bugu?"

Na yi shiru. Ni ina bugunsa don ya daina, shi kuma abin da ya fahimta, duk lokacin da baƙon kare ya bayyana wuya na biye. Kawu ya ƙara da abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Ya ce gurnani sallama ce, kare na cewa a matsa. Wanda aka buge shi kan gurnani har ya bari, ranar da zai yi cizo ba zai yi sallama ba. Na tuna yadda ya miƙe ran Alhamis ɗin nan ba ko ƙara.

Da mako biyu suka cika lafiya, ma'aikacin kiwo ya dawo ya yi masa allurar rigakafi, ya ce a riƙa sabuntawa, ya ba ni ƴar takarda na sa cikin littafin asusuna. Na tambaye shi ko a dandaƙe shi. Ya ce yana rage yawon bin karya da wani faɗan na maza, amma ba ya cire tsoro, kada in ɗauka shi ke nan. Abin da ya faɗa game da tasowar kare ya zo daidai da na Kawu: kwikwiyo ya kamata ya kai wata biyu wurin uwarsa, kuma abin da ya saba da shi kafin ya cika wata uku shi yake ɗauka ba abin tsoro ba. Irin wannan faɗa kuma sau da yawa sai kare ya fara balaga yake fitowa, shi ya sa mutane ke cewa ai da ba haka yake ba.

Abu na farko da muka yi, muka tsige turken bakin ƙofa. Maigida, yana mita, ya kewaye masa wuri da zana a bayan rumbu, kusa da raguna, inda ba ya ganin hanya, ba sarƙa. Ramin danga muka toshe. Cikin kwana uku haushin rana ya ragu da rabi, ba mu ma fara komai ba.

Sauran aikin da asuba muke yi, ni da babban ɗana, kafin ya tafi makaranta. Kawu ya bar mana tsohuwar karyarsa, wadda ko an taka ta ba ta kulawa, da jikansa mai riƙe ta. Ya ce ba a gida ba, don gida nasa ne, zai kare shi. Kuma ba gaba da gaba ba. Muka fita gona, Barsu da igiya mai tsawo a hannun ɗana, karyar can nesa, kamar daga nan zuwa ƙarshen gona guda. Ni kuma na ƙulla gutsattsarin ƙuli-ƙuli marar yaji a bakin zane, wanda dama ba ya sayuwa. Da ya hango ta, kafin jikinsa ya sandare, in kira sunansa in jefa masa guda. Ya kalle ta, ya kalle ni, guda. In ta ɓace bayan kuka, ƙuli ya tsaya.

Ma'aunin da Kawu ya ba ni shi ne bakinsa. In yana karɓar ƙuli, nisan ya yi. In ya ƙi ci, ya kafe ido, mun matso da yawa, mu koma baya ba tare da tsawa ba. Ranar farko sai da muka ja baya sau uku. Kuma ya hana ɗana ɗaure igiya tamau, ya ce hannunka na gaya wa kare abin da ke ranka.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai kunya a ciki. Mata masu zuwa rijiya suna ganina da sassafe ina bin kare da ƙuli-ƙuli. Har waƙa aka so a yi mini. Wata ta ce, mu ƴaƴanmu ba su samu ba, ke kare kike ba. Na haɗiye. Na riga na lissafa abin da allura ta ci, na san ƙulin da ya fi arha.

A mako na uku na yi gaggawa. Na ga yana cin ƙuli karyar na taku ashirin, na ce a kawo ta su gaisa. Ya yi kanta, da ƙyar ɗana ya riƙe shi, igiya ta ƙone masa tafin hannu. Washegari ko daga ƙarshen gona ya ƙi ci. Aikin kwana goma ya zube, muka sake daga farko. Daga nan na bar ƙirga kwanaki. Kullum taku biyu uku, wata rana ba ko ɗaya, kamar dai zubin dala hamsin da ba ka ganin girmansa sai ranar rabo.

Da suka kusanto, Kawu ya ce a daina tsayawa, a riƙa tafiya. Su biyun suna fuskantar wuri guda, karyar a gaba, shi a baya yana shinshina inda ta taka, daga baya gefe da gefe da tazara tsakani. Wajen ƙarshen sanyi, wata safiya, ya matsa ya shinshina bayanta, ta juyo ta shinshina nasa, ya girgiza jiki kamar wanda ya fito daga ruwa, ya ci gaba da tafiya. Ɗana ya dube ni, na dube shi. Ba wanda ya yi magana don kada mu ɓata.

Amma karya guda ba ita ce duk karnan duniya ba. Muka sake da wani karen Kawu, namiji, ya ɗauki lokaci, ko da yake bai kai na farko ba. Na ukun da nake so shi ne jan karen Yaya, kuma wannan ba aikin ƙuli ba ne. Na ɗauki kwalbar mai guda na tafi gidanta da marece. Na ce, "Yaya, na zo ban haƙuri, laifina ne, ni na kwance shi na manta." Ta ce, "Ai ya wuce," irin ya wucen da bai wuce ba. Na zauna na ba ta labarin Kawu da asubar da muke fita. Da na kai wurin waƙar da aka so a yi mini sai ta fashe da dariya, ta ce ita ma ta ji, har ta ƙara baiti. Ta ce karenta kam ba za ta bayar ba, ya tsufa, abin da ya gani ya isa. Na ga gaskiyarta, ban sake roƙo ba.

Barsu bai zama ɗan rago ba. Har gobe in baƙon kare ya ɓullo masa kwatsam a kwana, gashin bayansa na tashi. Bambancin, yanzu in na kira shi yana juyowa, kuma na iya karanta shi: in ya rufe baki, ya daina haki, ya tsaya cak, na san saura ƙiris, sai mu juya mu ba da wuri. Ba na sakinsa ya yi yawon gari. Yaran gidan duka sun san doka, in karnai na faɗa ba a sa hannu, ba a kama wuya, ruwa ake sheƙawa ko a tura faifan ƙofa tsakani, a kira babba. Da dare kuwa aikinsa na nan. Ni da nake tsoron in ya daina faɗa zai daina tsaro, a watan jiya haushinsa ya tashe mu, maigida ya fita da fitila ya tarar an fara kwance igiyar danga.

Taro bai dawo gidana gaba ɗaya ba. An yanke a riƙa juyawa, mako guda wurin shugaba, mako guda wurina, kuma an ƙara doka a littafi: mai masauki ta tsare karenta kafin a kawo akwati, mai zuwa kuma ta tabbata nata bai biyo ta ba, wadda ta saɓa tarar dala 20. Mata huɗu cikinmu sun kai nasu an yi musu allura. Alhamis da ta wuce a gidana aka yi. Tun azahar na shigar da Barsu bayan zana, na ba shi ƙashi, na ɗaure ƙofar da igiya biyu. Yaya ta iso da akwati a ka, ta tsaya a zaure ta ce, "Ina mutumin?" Na nuna mata. Ta je da kanta ta ja igiyar ta ji ta ɗauru, sannan ta dawo ta sauke akwati kusa da ni, ta ce in matsa mata.